Hoton Yaya ya yi fes bayan Avastin, amma likita ya ce mu dakata da murna

Maman Hanifa: Assalamu alaikum mutanen gida. Don Allah ma'aikatan asibiti da ke cikin wanga zaure ku taimaka mani da bayani, kaina ya kulle. Yayana ne, wanda da yawanku kun san an yi mai aikin ƙari a ƙwaƙwalwa bara, anka yi mai gashi da inji, wato radiyoterafi, sati shida haɗe da ƙwayoyin kemo, ya samu sauƙi har ya koma shago, to bayan wasu watanni ciwon kai ya dawo da amai da sassafe hannun hagu ya fara saki, anka sake hoto anka ce abin ya dawo. Sai anka ɗora shi kan wani ruwa da ake ƙara mai duk sati biyu, Avastin. Wallahi sau biyu kawai anka sa mai, mutumin da ba ya iya riƙe kofi yanzu shi ke zuba ma kanshi shayi. Jiya munka amso sabon MRI, farin nan mai kama da zobe ya dushe kusan ba ka ganinshi. Gida ya ɗauki murna, Inna har sadakar masa ta yi. Sai likita ya ce mu dakata, wai wanga magani yana iya gyara hoto ba tare da ya kashe ƙarin ba, wai akwai wani hoto PET da ke nuna abin da MRI ba ya nunawa. Ni ban gane ba. Ido na ganin abu ya tafi a ce bai tafi ba? In kuma PET ɗin ne mafita, mu saida fadamarmu ta Argungu mu yi?

Malam Aliyu Yawuri: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya mai ɗorewa, Ya sa kaffara ne.

Nura mai hoto: Amin. Anti tambaya uku kafin komai. Wane suna suka rubuta wa ƙarin a takardar gwajin tsoka? Yana shan dexa, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, kuma an ƙara masa ko an rage kafin wannan hoton? Sannan a rahoton hoton ki nemo layin da aka rubuta FLAIR, wato zagayen MRI da ke nuna kumburi ko ba a yi allura ba, ki turo mana abin da ke wurin

Maman Hanifa: Giliyobilastoma, mataki na 4 sunka rubuta. Dexa yana sha amma an fara rage mai. Rahoton yana wurin matarshi, bari in sa ta ɗauko hotonshi da waya

Dakta Usman: Yaya Maman Hanifa sannu, Allah Ya ba Yaya lafiya. Likitanku gaskiya ya faɗa muku, kuma ku riƙe shi da kyau don ba kowa ke tsayawa ya yi wannan bayanin ba. Bari in fara daga tushe, ki yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Ƙari ba ya iya wuce girman ƙwayar gero, milimita 1 zuwa 2, sai ya samu jinin da zai ciyar da shi. Wani likitan fiɗa a Boston ta Amurka, Judah Folkman, shi ya tsaya kan wannan magana tun 1971, ya ce in aka toshe wa ƙari hanyar jini an kama shi a wuya. Ki ɗauka kamar noman rani. Mutum ya buɗe sabbin fangaloli nesa da gulbi, dole ya ja hanyar ruwa zuwa wurin ko shinkafa ta ƙone. Shi ƙari idan tsakiyarsa ta fara rasa iskar oksijin sai ya riƙa sakin wani sinadari da ake kira VEGF, shi ne ɗan aikensa, ya je ya taɓa jijiyoyin jini da ke kusa su fara tsiro da rassa suna nufo shi. Giliyobilastoma na cikin ƙararrakin da suka fi kowa sakin wannan sinadarin, har ma tarin ƙananan jijiyoyin nan na cikin alamun da mai duba tsoka a madubin likita ke gane shi da su.

Dakta Usman: To amma jijiyoyin da aka gina cikin gaggawa ba su da kyau, a karkace suke kuma suna yoyo. Jijiyar ƙwaƙwalwa ta asali a liƙe take gam, tana da shinge da ba ya barin abubuwa da yawa su fita daga jini su shiga ƙwaƙwalwa. Ta ƙari kuwa kamar hanyar ruwan da ɓera ya huhhuda. Allurar nan da Nura ke yi wa mutum kafin zagaye na biyu na MRI, gadoliniyam, ita ke tsiyaya ta waɗannan hudojin ta taru, shi ne farin zoben da kika gani. Wato abin da farin ke nunawa yoyo ne, ba ƙwayoyin ƙarin kansu ba. Shi kuma Avastin aikinsa ya kama VEGF ya ɗaure. Da an ɗaure shi hudojin sun fara toshewa, wani lokaci cikin kwana ɗaya ko biyu, ruwan da ya kumbura ƙwaƙwalwa ya janye, hannu ya dawo, allura ta daina tsiyaya, hoto ya yi fes. Sauƙin da kuka gani na gaske ne ba ƙarya ba. Amma ƙarin yana iya kasancewa nan zaune, wani lokacin ma ya bi tsofaffin jijiyoyin ƙwaƙwalwa yana rarrafe a jikinsu ba tare da ya buƙaci sababbi ba.

Kawu Garba Jega: Dakta ka yi haƙuri ni ban yi boko mai zurfi ba amma na zauna asibiti fiye da yadda nike so. Mutum ya tashi, yana ci da hannunshi, hoto ya nuna abu ya tafi, sannan a ce a sake wani hoto na kuɗi mai yawa. Ni abin da na gani da uwargidana Allah Ya jiƙanta, wata uku muna yawo daga wanga gwaji zuwa wancan a wani asibiti da ba zan kira suna ba, kowane sakamako ya fito sai a ce a sake wani, babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce Alhaji ga abin da gwajin ga zai canza. Shanu huɗu na saida. Ranar da ta rasu akwai takardar hoton da ko buɗe ta ba a yi ba cikin jakata. Don haka ɗiyata kar ki taɓa fadamar nan sai an gaya miki mi hoton zai canza

Hajiya Kulu famasi: Allah Ya jiƙan Hajiya, Kawu. Maganarka ta ƙarshe ita ce tambayar da ya kamata kowa ya yi kafin kowane gwaji, na yarda ɗari bisa ɗari. Amma ban yarda cewa likitan nan kuɗi yake nema ba. Da kuɗi yake so ai cewa zai yi magani na aiki ku ci gaba da saye, ya bar su cikin murna

Sadiya: Dakta ni abin da nake son ji shi ne PET ɗin. Physics na karanta, mun taɓa shi sama-sama a aji. Da gaske ana iya ganin VEGF ɗin kansa a cikin kan mutum yana raye?

Dakta Usman: Ana iyawa Sadiya, kuma wallahi a nan ne abin ke burge ni. Dabarar ita ce ka samo wani abu da ke manne wa alamar da kake nema shi kaɗai, ka ɗaura masa ɗan ƙaramin sinadari mai fitar da haske irin na nukiliya, ka yi wa mutum allura, ka jira ya je ya manne, na'urar PET ta kama inda hasken ke fitowa. Kamar a ɗaura wa akuya ƙararrawa a sake ta cikin duhu, duk inda ta tsaya kiwo za ka ji. MRI siffa yake nuna maka, wannan kuwa yana nuna abin da ƙwayoyin ke yi.

Alamomin tsiron jijiya da aka fi bi guda uku ne. Na farko VEGF ɗin kansa: sai a ɗauki Avastin ɗin nan dai a ɗaura masa zakoniyam 89, ka ga maganin ya zama fitila, duk inda ya je ya kama VEGF za a gani. An yi wannan a Amsterdam ta ƙasar Holan a kan yara 7 masu wani mugun ƙari na gindin ƙwaƙwalwa, aka buga sakamakon a 2017, sai aka ga a wasu maganin ya shiga ƙarin sosai, a wasu kaɗan, a wasu bai shiga ba sam, kai ko a cikin ƙari ɗaya wani ɓangare ya kama wani bai kama ba. Ki duba amfanin wannan, a san wanda maganin ke kaiwa gare shi kafin iyaye su zuba dukiyarsu. Na biyu wani maɗauri ne da ke fitowa da yawa a jikin sabbin jijiyoyi, intagirin, ana kama shi da ɗan guntun furotin da ake kira RGD, masana a Munich ta Jamus sun yi aiki mai yawa a kansa. Na uku PSMA, wanda aka san shi da kansar mafitsara ta maza, wato furostet, sai aka gano jijiyoyin da giliyobilastoma ke ginawa su ma suna ɗauke da shi, don haka wasu ke gwada allurar galiyam 68 ɗin furostet a kan ƙwaƙwalwa.

Nura mai hoto: Dakta da girmamawa, ka faɗa mata gaskiya gaba ɗaya. Wannan duka a ɗakin bincike suke. Ko a Turai ba ka shiga asibiti ka ce a yi maka zakoniyam Avastin kamar yadda za ka ce a yi maka eksire. Kar Anti ta karanta wannan ta ɗauka akwai shi a Legas

Dakta Usman: Haka ne Nura, na gode, daɗin maganar ya ja ni. Ukun nan duk bincike ne har yanzu, ba su zama aikin yau da kullum ba. Kuma suna da nasu rauni. Avastin ƙaton furotin ne, inda shingen ƙwaƙwalwa bai fashe ba ba ya iya ƙetarawa, to in hoto bai yi haske ba ba ka san ko VEGF ne babu ko fitilar ce ba ta samu ƙofa ba. Ita ma intagirin, an yi magani mai toshe ta, silenjitaid, aka gwada shi a babban gwaji kan masu giliyobilastoma bai ƙara musu kwana ba, sakamakon ya fito 2014. Ganin alama daban, cin nasara a kanta daban.

Sadiya: To me ya sa ba za a kawo allurar daga waje ba a yi a nan? Ko a Sakkwato tunda suna da cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa da injin gashi

Nura mai hoto: Ke da kika yi physics ai kin san amsar. Fulorin 18 duk minti 110 rabin ƙarfinsa ya tafi. Galiyam 68 minti 68. Kabon 11 minti 20 kacal. Ki ɗauko allura daga Legas ki nufo Birnin Kebbi a mota kafin ki wuce Kwantagora ta zama ruwa. Dole injin da ke ƙera sinadarin, saikulotiron, ya kasance kusa da na'urar, ga wuta da ba ta ɗaukewa, ga masu haɗa allurar, ga masu kula da tsaron hasken. Zakoniyam ne mai daɗewa, kusan awa 78, shi ya sa ake haɗa shi da manyan furotin masu ɗaukar kwanaki kafin su isa inda za su

Hajiya Kulu famasi: Kuma ko na'urar PET ɗin ta samu sai an tambaya wace allura suke da ita. Wadda aka fi yi ko'ina ita ce ta sukari, FDG

Dakta Usman: Yawwa Hajiya, nan ne nake tsoron a yi asarar kuɗi. Ƙwaƙwalwa lafiyayya ita ma sukari take ci ba dare ba rana, kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin jiki ita ke cinyewa, to da allurar sukari duk kan ne ke haske, neman ƙari a ciki kamar neman fitilar ƙwai da tsakar rana. Ba wai ba ta da amfani sam ba amma rauninta a ƙwaƙwalwa sananne ne. Wanda ya fi dacewa da tambayar Yaya, kuma ana yinsa a asibitoci da yawa na Turai, shi ne PET mai allurar amino asid, irin su FET ko FDOPA ko metiyonin. Ƙwayoyin ƙari na zuƙar su da yawa, lafiyayyar ƙwaƙwalwa kaɗan, kuma suna ƙetare shingen ko bai fashe ba, don haka toshe yoyon da Avastin ya yi ba ya ɓoye musu ƙarin. Ina kyautata zaton shi likitanku ke nufi. Ku tambaye shi kai tsaye.

Bello Zuru: Ni na duba a intanet wai wannan ciwon wata 15 ne kawai

Admin: Bello don Allah. 'Yar'uwar mara lafiya na karantawa

Malam Aliyu Yawuri: Ajali na hannun Allah, babu likitan da ya san ranar wani. Kuma neman magani umarni ne, ba ya karo da tawakkali

Maman Hanifa: Ku bar shi, na riga na gani da kaina tun bara, dare nawa na yi ina karantawa ina kuka. Gara in sani

Dakta Usman: Tunda an kawo ta bari in daidaita ta. Lambar ta fito daga babban gwajin da aka buga a 2005, wanda ya sa ake haɗa gashi da ƙwayar temozolomaid, irin wanda aka yi wa Yaya. Wata 14.6 shi ne tsakiya, ma'ana rabin mutanen sun wuce haka, wasu da shekaru. Ba wa'adi ba ne aka yanka wa kowa. Shi kuma Avastin, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga giliyobilastoma da ya dawo a 2009, galibi saboda yadda hotuna suka yi kyau. Daga baya manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga 2014 a kan sabbin kamu suka nuna yana jinkirta dawowar ciwon a hoto amma bai ƙara tsawon rai ba. Wannan ruɗin na hoto shi ya sa tun 2010 masana suka canza ƙa'idar karanta MRI na masu wannan ciwo, suka ce kar a dubi farin zobe kaɗai, a haɗa da FLAIR, da yawan dexa da mutum ke sha, da yadda jikinsa yake. Shi ya sa Nura ya yi miki tambayoyin nan tun farko.

Kawu Garba Jega: To in bai ƙara kwana mi ya sa ake saye?

Hajiya Kulu famasi: Kawu mutumin da ba ya riƙe kofi yau yana zuba shayi. Yana sallah a tsaye, yana gane 'ya'yansa, an rage masa dexa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dexa ɗin nan da 'yan mata ke sha don ƙiba suna ce masa sha ka fashe, mu mun san abin da yake yi in an daɗe a kai, sukari ya hau, cinyoyi su mutu mutum ya kasa tashi daga tabarma, ciwo kaɗan ya zama babba. Duk abin da zai sa a rage shi alheri ne. Amma iyali su san abin da suke saye, sauƙi ne ba warkewa ba, su auna da aljihunsu. Maman Hanifa ki kula mini da abu huɗu: a riƙa auna hawan jininsa a gida, a duba furotin a fitsari kafin ƙarin ruwa, in kin ga haɓo ko baƙin bayan gida ko ƙafa ɗaya ta kumbura ku tafi asibiti a ranar, kuma ko haƙori za a cire masa a faɗa yana kan Avastin don yana hana rauni warkewa. Sannan kar ku saya a hannun ɗan kasuwa don ya fi araha. Ko a Amurka an kama na jabu a 2012 babu maganin a ciki sam. A firji yake zama, digiri 2 zuwa 8, in an ɗauko shi a aljihun mota cikin zafin Afrilu kin san sauran. Kuma kar a tsaida dexa lokaci guda don an ga ya samu sauƙi, likita ne ke sauke shi a hankali

Nura mai hoto: Ni shawarata kafin maganar PET, akwai abin da MRI ɗin kansa ke iya yi in injin mai ƙarfi ne kuma akwai manhajar, hoton gudun jini, muna ce masa fafyushin. Allurar nan dai ce amma ana tura ta da sauri injin na ɗauka duk daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai ya lissafa yawan jinin da ke cikin kowane lungu. Ƙari mai rai jini ya yi masa yawa, naman da gashi ya ƙona jininsa kaɗan. Ba ya ganin VEGF da sunansa kamar na Dakta amma yana ganin aikin da VEGF ya yi

Dakta Usman: Sai dai shi ma Avastin na iya rage masa lamba Nura, don haka ba shi kaɗai za a dogara da shi ba

Nura mai hoto: Na sani, shi ya sa ake jera hotuna a kwatanta. Kuma nan ne mutanenmu ke cutar kansu, yau hoto a wannan gari gobe a wancan, inji daban yanka daban, sannan su zo da fim a leda ya narke a rana. Ranar nan wani dattijo ya kawo mini fim uku sun manne da juna saboda a bayan gilashin mota ya ajiye su tun daga Kamba. Anti ki karɓi faifan CD na kowane hoto, ki kwafe a filashi, kuma in da hali duk hoton gaba a yi shi a inji ɗaya

Maman Hanifa: Ga shi ta turo. Ban iya karanta Turancin likita sosai ba amma ƙanena ya fassara mani, wai farin da ke kama allura ya ragu ƙwarai, kumburi ya ragu, amma a FLAIR akwai wani wuri ta wajen gaba da bai ragu ba, wai a bibiya. Gabana ya faɗi

Dakta Usman: Ki kwantar da hankali Yaya. Wannan wurin zai iya zama sauran kumburi, zai iya zama tabon gashi, zai iya zama ƙarin. Daga rubutu ba wanda zai rabe miki su, ni ma ba zan yi ba, sai wanda ya ɗora tsohon hoto da sabo gefe da gefe. Amma kin ga yanzu dalilin likitanku, wannan wurin yake kallo

Kawu Garba Jega: To ki tambaye shi tambayata ɗiyata. In PET ya nuna yana nan mi za ku yi daban, sake fiɗa, sake gashi, canza ƙwaya? In ya nuna babu shi za ku tsaida ruwan? In amsa duka biyun guda ce ki bar fadamar ga yaranshi

Dakta Usman: Kawu wannan tambayar ko a taron likitoci ita ake yi

Maman Hanifa: Na rubuta su a takarda. Wace allura za a yi PET ɗin da ita, mi zai canza, ko ana iya fafyushin a inda munka yi na baya, da yaushe za a sake hoto. Alhamis muke da ganin likita a Sakkwato. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan gaya ma Inna, ta riga ta kira dangi har na Yawuri ta ce ya warke

Malam Aliyu Yawuri: Ki ce mata ya samu sauƙi kuma ana ci gaba da magani, wannan gaskiya ce ba ƙarya a ciki. Sauran ki bari sai kun dawo daga wurin likita, ki je da babban namiji a gidan ku zauna da ita tare

Nura mai hoto: Anti in za ku bi ta Birnin Kebbi ranar Laraba ki kawo faifan duka har na kafin aiki, in jera muku su a filashi ɗaya da kwanan wata don kar likita ya ɓata lokaci yana nema. Ki zo da katin magungunansa ma, a rubuta nawa dexa yake sha ranar kowane hoto

Maman Hanifa: In sha Allahu muna tafe bayan azahar. Na kafin aikin fim ne kawai anka ba mu babu faifai, in kawo shi haka nan?

Nura mai hoto: Kawo shi. Ki sa shi cikin ambulan ɗinsa a kwance, kar a naɗe